Tsimin mai yana hannun mai moto

Tun shekarar 2023 da Nijeriya ta janye tallafin mai, esansin bakin hanya ya yi tsada a Maraɗi da Damagaram. Malamin gona ko na yaƙi da jahilci mai ratsa ƙauyuka bisa babban moto, shi ya san zafin abin.

Amma ba tsada kaɗai ke cin aljihu ba, har da sakaci. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, inji ya shaƙe, ya sha mai fiye da ƙa'ida. Taya maras isasshiyar iska, busasshiyar sarƙa da tsohon buji duka ɓarayi ne. Babbansu kuwa shi ne gudu: in an ninka gudu, ƙarfin iskar da ke tare moto yakan ninku sau 4.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Mai tafiya a natse yana isa da sauran mai, kuma da ransa.

Don haka wajibi ne shugabannin ma'aikatu su sa a duba moto kafin kowane rangadi. Man gwamnati dukiyar talaka ce. Duk litar da ta salwanta, wani ƙauye ne zai kwana bai ga malami ba.