Benen Agogon Makka: Tsayi, kusanci da guzurin alhajin Daura

A 'yan shekarun nan an samu ƙari a cikin tsarabar da alhazai da masu Umara ke dawowa da ita garuruwan masarautar Daura. Bayan dabino da bagaruwa da ruwan Zamzam, yanzu akwai hoton da aka ɗauka da waya daga ƙololuwar Benen Agogon Makka. A cikin hoton za ka ga Ɗakin Ka'aba ya koma ɗan ɗigo baƙi a can ƙasa, masu ɗawafi kuma sun zama farin zobe a kewaye da shi. Wasu na ganin hoton su yi kabbara. Wasu kuwa zuciyarsu takan sosu, su ce yaya za a yi mutum ya tsaya a sama yana leƙen Ɗakin Allah a ƙarƙashin ƙafarsa?

Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Oktoban 2025, lokacin da Yarima mai jiran gadon Saudiyya, Muhammad bin Salman, ya bayyana wani sabon aiki mai suna Ƙofar Sarki Salman, wanda za a gina daura da Masallacin Harami. Bisa sanarwar, gine-ginen za su kai faɗin murabba'in mita miliyan 12, tare da wuraren salla na mutum kusan 900,000. Ma'ana, dogayen benaye a kewayen Ka'aba ƙaruwa za su yi. Don haka ya dace maniyyaci ya san matsayinsa game da su tun kafin ya tashi daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina.

Abin da ake hawa

Benen Agogo shi ne mafi tsawo a cikin rukunin benaye bakwai da ake kira Abrajul Baiti. Tsawonsa mita 601 ne, hawa 120, an kuma kammala shi a 2012. A yau benaye uku kaɗai suka fi shi a duniya: Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, da Merdeka 118 na Malesiya, da Benen Shanghai na ƙasar Sin. Agogon da ke kansa fuska huɗu gare shi, kowace fuska faɗinta mita 43. Ka'aba kuwa tsawonta bai wuce kimanin mita 13 ba, wato benen ya ninka ta fiye da sau arba'in.

A 2019 aka buɗe gidan tarihi a hawa huɗu na can sama, inda ake nuna yadda rana da wata da taurari ke tafiya, da dabarun da ɗan Adam ya bi wajen auna lokaci. A nan ne barandar kallo take, sama da mita 400 daga ƙasa, kuma sai da tikiti ake hawa. Wannan tsari ba baƙo ba ne a duniya, domin daga Dubai har New York ana sayar wa baƙi damar kallon birni daga sama. Bambancin Makka shi ne, abin da ke ƙarƙashin barandar alƙiblar Musulmin duniya ce baki ɗaya.

Hukuncin hawan

Asalin al'amuran duniya halacci ne, kuma babu nassin da ya hana Musulmi hawa wuri mai tsawo a Makka. Duwatsu ne suka kewaye garin tun fil azal, Ka'aba kuwa a cikin kwari take, kuma mutanen Makka sun zauna a kan tuddai suna hango ta daga sama tun kafin a san siminti. Malamai sun kuma bayyana cewa sararin da ke saman Ka'aba shi ma alƙibla ne, shi ya sa sallar wanda ke hawa na uku na masallacin ta inganta.

Masu ƙyamar benen sukan kafa hujja da hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda ke cikin Sahihu Muslim da Arba'una Hadisi da ake karantawa a makarantun Islamiyyarmu. A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya ambaci gasar matalautan makiyaya wajen tsawaita gini a matsayin ɗaya daga alamomin tashin Alƙiyama. Duk wanda ya dubi tseren da ake yi tsakanin Dubai da Jidda, inda aka koma aikin benen da ake so ya haura mita 1,000, zai tuna da wannan hadisi. Sai dai Imam Nawawi ya yi gargaɗi a sharhinsa cewa kasancewar abu alamar Alƙiyama bai mayar da shi haramun ba, domin alama labari ce ta abin da zai faru. Inda Alƙur'ani ya zargi masu gini, dalilin a fili yake. A Suratus Shu'ara an zargi Adawa saboda suna gini a kan tuddai don wasa da alfahari, kamar ba za su mutu ba. A Suratul Ƙasas kuma Fir'auna ya sa Hamana ya gina masa hasumiya ne don izgili ga Annabi Musa (AS). Girman kai ne abin zargin. To, wanda ya hau ya ga ɗimbin bayin Allah sun zama kamar ƙwayar gero, ya tuna ƙanƙantarsa, ya amfana. Wanda kuma ya hau don a ce ya hau, ya san abin da ya sayo.

Matsalar da ta fi shafar ibada ita ce salla. Otal-otal ɗin da ke cikin waɗannan benaye suna da ɗakunan salla masu tagogin gilashi da ke kallon Harami, ana kuma jiyo karatun liman ta lasifika. Shin ya halatta a bi liman daga can? Abin sha'awa, littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure sun daɗe da taɓa irin wannan mas'ala. A Mukhtasar na Shehu Khalil an lissafa bin limamin Harami daga kan dutsen Abu Ƙubaisi cikin abubuwan da aka karhanta, saboda nisa kan hana mamu kiyaye motsin limaminsa yadda ya kamata. Abu Ƙubaisi dutse ne da ke jikin masallacin ta wajen Safa, bai kuma kama ƙafar wannan bene a tsawo ba. Game da Juma'a, Malikiyya sun fi tsanantawa: ba ta inganta a cikin gidaje da ɗakunan da ba a shiga sai da izinin mai su. Daga malaman wannan zamani, Shaikh Ibn Usaimin ya sharɗanta haɗuwar sahu ga duk wanda zai bi liman daga wajen masallaci. Akwai masu sassautawa, musamman ga tsofaffi da marasa lafiya, amma mai ƙarfi a jika ya fi masa ya sauko ya shiga sahu.

Haka nan ɗawafi ba ya yiwuwa sai a cikin masallaci. Ruwayar da ake yawan ambatawa cewa akwai rahamomi na musamman da ke sauka ga masu kallon Ka'aba kuwa, malaman hadisi sun raunana ta. Saboda haka kada wani ya sayar wa alhaji tikiti da sunan ibada. Yawon buɗe ido ne halattacce, iyakarsa ke nan.

Lokacin da kusanci ya zama na kuɗi

Babbar maganar tana ƙasa da barandar, a ɗakunan kwanan da ke cikin benen. Aya ta 25 ta Suratul Hajji ta bayyana cewa Allah Ya daidaita mazaunin Makka da baƙo a Masallacin Harami. Saboda wannan aya magabata suka yi saɓani a kan sayar da gidajen Makka da ba da su haya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana mutanen Makka sa ƙofofi a farfajiyar gidajensu, domin alhaji ya sauka inda ya samu wuri. Imam Shafi'i da Ishaƙ bin Rahawaihi sun yi shahararriyar muƙabala a kan haka, inda Ishaƙ ya hana, Shafi'i ya halatta, yana mai kafa hujja da cewa Umar ɗin da kansa ya sayi gidan Safwan bin Umayya da dirhami 4,000. Aiki ya gudana a kan halacci, amma saɓanin ya nuna yadda suka ji tsoron ranar da dukiya za ta raba alhazai gida biyu.

Ranar kuwa ta zo. A otal-otal ɗin da ke kewayen Harami farashi hawa-hawa ne: ɗakin da ke kallon gari da kuɗinsa, mai kallon masallaci ya fi shi, mai kallon Ka'aba ya fi duka, musamman a goman ƙarshe na Ramadan. Alhazan jihohinmu kuwa galibi a unguwanni irin su Misfala ake sauke su, daga nan su tako ko su hau mota.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Rukunin benayen waƙafi ne na Sarki Abdul'aziz, wanda aka keɓe amfaninsa don hidimar Masallatan Harami biyu. Makka kwari ce mai ƙarancin fili, alhazai kuwa sun kai 1,833,164 a 2024, sannan 1,673,230 a 2025, ga kuma burin Saudiyya na karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara nan da 2030. Idan ƙasa ta ƙare, dole gini ya yi sama. Zafin da ya yi ajalin mutum 1,301 a Hajjin 2024 ya kuma nuna cewa inuwa da masauki mai sanyi ba ƙawa ba ce.

Duk da haka, an biya farashi. A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya, aka baje tudun da take kai domin a kafa waɗannan benaye, har ƙasar Turkiyya ta yi Allah wadai. Daga 2008 aka rushe unguwar Shamiyya saboda faɗaɗa masallaci. Duk lokacin da aka share tsohuwar unguwa, ƙananan masaukai masu araha ne ke fara tafiya, talaka kuma ya ƙara matsawa baya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Makka na da zuri'ar Hausawa masu yawa, waɗanda ake yi wa laƙabi da Hausawi, jikokin mutanen da suka taka da ƙafa ta Sudan, wasunsu tun bayan faɗuwar Daular Sakkwato a 1903. Duk alhajin da ya san Shara Mansur ya san irin unguwannin da ake nufi.

Lissafin guzuri

A Hajjin 2025 kujerar maniyyacin Arewa ta haura naira miliyan 8.4. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashin shekara goma cur, bai ci bai sha ba, kafin ya haɗa wannan kuɗi. Manomin Baure ko Zango ko Sandamu da ya biya shi, sau da yawa shanu ya sayar ko amfanin damina da dama. Guzurin da aka ba kowane alhaji a hannu dala 500 ne, wato riyal 1,875, kuma da shi zai yi hidimar kusan wata guda, ya kuma sayo tsarabar iyali. A irin wannan aljihu, kowane tikiti yana da abin da ya ture. Wanda Allah Ya yalwata wa, babu laifi ya hau ya ga ikon Allah bayan ya kammala ayyukansa. Wanda guzurinsa ke da iyaka kuwa, kada kunyar abokan ɗaki ta kai shi ga cin bashi a ƙasa mai tsarki saboda hoto.

Akwai kuma albishir ga na nesa. Hadisin da Imam Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito ya nuna salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi salla dubu ɗari a waninsa. Malamai da yawa, ciki har da Shaikh Ibn Baz, sun rinjayar da cewa wannan falala ta game duk iyakar Haramin Makka, ba ginin masallacin kaɗai ba. A bisa wannan fahimta, dattijuwar da ciwon gwiwa ya tsare a masallacin unguwarsu a Misfala ba ta yi asara ba, kuma mai ɗaki a hawa na hamsin bai fi ta da komai ba saboda tagarsa.

Darasi daga gida

Ƙasar Hausa ma ta san dogon gini. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina, mai kimanin mita 15, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai mita 27, an fara gina ta a 1515, aka sabunta ta a 1844. Wanda ya hau irin waɗannan hasumiyoyi a da, ladan ne da zai kira salla, ko mai tsaro da zai hango mahara ya sanar da gari. Mutum ɗaya ke hawa, amfanin ya sauko wa kowa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu auna kowane dogon gini da shi. Agogon Makka ya ci wani ɓangare na wannan jarrabawa, tunda yana nuna lokaci kyauta ga duk wanda ya ɗaga kai, har ɓataccen alhaji kan gane hanyar Harami da shi. Ɗakunan da ke ƙarƙashinsa ne har yanzu ake jiran su amsa tambayar.

Daura kuma, da ke sauyawa da zuwan jami'ar sufuri da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, tana da abin koyo daga Ajyad. Rijiyar Kusugu da tsohuwar fada da unguwannin da ke kewaye da su, idan aka bari sabon gini ya haɗiye su, babu kuɗin da zai dawo da su.

Abin da ya rage shi ne malaman bita na Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina su sa wannan batu cikin darussansu: hukuncin bin liman daga otal, matsayin Juma'a a can, da bambancin ziyara da yawon kallo. Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma ta riƙa sa nisan masauki a gaba yayin ciniki, ta fifita tsofaffi da mata a gidajen da suka fi kusa, domin sababbin gine-ginen da ke tafe za su ƙara tsadar kowane taku. Shi kuwa maniyyaci, ya tuna cewa hadisi ingantacce ya nuna bawa ya fi kusa da Ubangijinsa a lokacin da yake sujada, goshinsa a ƙasa. Allah Ya karɓi ibadar alhazanmu, Ya kira waɗanda ba su je ba.