Tauraro a Sama, Aji Babu Wuta

A makon nan na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa da zarar an harba sabon tauraron ɗan'adam, yaron ruga zai samu darasi daidai da ɗan Abuja. Raina ya ɓaci, don wannan waƙar mun sha jin ta.

An rera mana ita a Mayun 2007, lokacin da Sin ta harba mana NigComSat-1 daga Xichang. Bai cika shekara biyu ba na'urorinsa na tara hasken rana suka lalace, ya mutu a Nuwamban 2008. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011, aka ɗebar masa shekara 15. Malaman firamaren karkara, ku gaya mini, aji nawa darasi ya sauko wa daga sama tun lokacin?

Ba na gajiya da labarin Indiya. A 1975 ba ta da tauraron da zai yi mata wannan aiki, sai ta ari na Amurka, ATS-6, na shekara ɗaya tak. Amma kafin a kunna shi ta gama aikin ƙasa. Ta kai talabijin ƙauyuka kusan 2,400, ta kafa musu faifan kama hoto da aka yi da ragar waya irin ta kejin kaji. Wasu ƙauyukan da babu lantarki, batir aka haɗa musu. Kowane akwati da mai kula da shi, galibi malamin makarantar garin, shi ke kunnawa da safe don yara, da yamma don manya. Darussan cikin harsunan mutanen aka shirya su, aka kuma horar da dubban malaman kimiyya ta wannan hanyar. Sai a 2004, bayan ta ƙware, ta harba EDUSAT, tauraronta na ilimi zalla.

Mu kuwa kullum sai mu sayi sirdi mu tsaya jiran doki.

Na sani, tauraro na da amfani wajen tsaro da kai intanet inda waya ba ta isa. To amma wa zai sayi faifan? Wa zai sa sola a ajin da ko rufin kwano babu? Wa ya rubuta darasin lissafi da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci?

Kuma wai rediyo laifin me ya yi mana? Lokacin korona a 2020, shi ya riƙe yaran Kano da Kaduna da darussa, akwatin da batir biyu ke ɗauka. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da aka kafa a 1976 ta daɗe tana koyarwa daga nesa da takarda, ba a yi mata bikin harbawa ba.

Duk wanda zai zo da kasafin sabon tauraro, ya fara ajiye mana jerin makarantun da za a haɗa, da kuɗin solarsu, da albashin mai gyara. In babu wannan, kwangila ce kawai, a bar jingina ta da 'ya'yan talakawa.