Hazon Bana Ya Fi Na Da? Ga Abin Da Awon Shekaru Ya Nuna

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo, sai gardama ta tashi a majalisar manoma. Wani ya ce bai taɓa ganin hazo irin na bana ba, wani dattijo ya ce ai yanzu babu hunturu, na da can shi ne hunturu, lokacin da rana ke wuni fara fat kamar wata. Hukumar NiMet tana fitar da gargaɗi, wani lokaci jirage su kasa sauka a Kano, amma wannan labarin kwana biyu ne ko uku. Wanda ya zuba jarinsa a noman rani, ko ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa na sola, abin da yake son sani shi ne ina aka dosa.

To, akwai masu auna abin, kuma daga ƙasa suke aunawa. Na'ura ce 'yar ƙarama da ke bin rana tun safe har yamma, tana lissafa yawan hasken da ƙura da hayaƙi suka tare kafin ya iso ƙasa. Idan sama ta yi garau, awon bai fi 0.1 ba, ranar hazo mai kauri yakan haura 1. Irin waɗannan na'urori suna cikin wani tsari na duniya mai suna AERONET, wanda hukumar NASA ta Amurka ke jagoranta. Akwai ɗaya a Banizumbu, gabas da Yamai, tun 1995, akwai kuma ta Jami'ar Ilori tun 1998.

Awon da ya fi waɗannan daɗewa kuwa ba a nan yake ba. Ƙurarmu tana tsallake Tekun Atlantika, shi ya sa tun 1965 masana suke tace iska a tsibirin Barbados suna auna wadda ta isa can. Daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980 ta ninka kusan sau huɗu, daidai lokacin farin 1973 da na 1984. Daga nan ta yi ta raguwa sannu a hankali, ko da yake wata shekarar takan yi tsalle. Masana sun danganta raguwar da sassaucin ƙarfin iska, wasu kuma suka haɗa da farfaɗowar ciyawa da itatuwa bayan ruwan sama ya ɗan dawo. Ka ga ke nan dattijon nan, idan shekarun fari yake tunawa, yana da gaskiyarsa. Shi ma mai cewa bana ta yi tsanani ba lalle ƙarya yake ba, sai dai shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci da ita ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne nan. Na'urar tana kallon rana ta launuka daban-daban, don haka tana iya bambance ƙwayar ƙura, wadda take da girma, da ta hayaƙi, wadda take siririya ƙwarai. Awon Ilori ya nuna cewa hazon Disamba zuwa Fabrairu gauraye ne. Akwai ƙurar hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa. Akwai kuma hayaƙin ƙunar daji da na gonaki. Ta Bodele babu mai iya tare ta, kuma ba duka ce sharri ba, don tana sauke mana ɗan potasiyam da kalsiyam a gona kyauta. Hayaƙin kuwa mu ne da hannunmu.

Manomi ya tara kara da karmami ya cinna wuta wai yana sharar gona. Sinadarin naitirojin, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya, ya bi hayaƙi ya tafi. Tokar da ta rage iska ta kwashe rabi, gona ta zauna tsirara har bazara, ita ma ta koma tana ba da ƙura. Asara biyu ke nan, ga ta uku a ƙirjin yara da tsofaffi, don siririyar ƙwayar hayaƙi ta fi kutsawa cikin huhu. A ganina, a bar karan a kwance ko a ba dabbobi su mayar da shi taki ya fi kowace shara.

Wani abin da awon Sahel ya nuna: ƙura ba ta ƙarewa da sanyi. Watan Maris na cikin mafiya ƙura, lokacin da albasa da tumatir suka fi bukatar ruwa, kuma lokacin da sanƙarau ke yawo. Mai injin sola ya sani cewa hazo na rage hasken tun daga sama, ƙurar da ta kwanta a kan farantin ta ƙara ragewa. A wanke shi da sassafe ko da yamma idan ya huce, da ruwa da tsumma mai laushi. Gogewa a bushe tana karce gilashin. Mai tumatir kuma ya riƙa juya ganye yana dubawa, saboda jan gizo-gizo yana son bushewa da ƙura.

Masu alkama kada su haɗa hazo da sanyi. Na'urar nan ba ta auna sanyi, kuma ana iya samun hazo mai kauri cikin zafi. Kada a zauna jiran sama ta yi fari kafin a shuka. Tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba dai shi ne lokacin, don ta fitar da kai kafin zafin Maris ya riske ta.