Karatun maganin Sin: wace takarda yaro zai dawo da ita?

A Banifandu, kamar sauran unguwannin Yamai, da zarar sakamakon bak ya fito sai hira ta koma kan inda za a tura yaro karatu. A da Faransa ake ambata, ko Maroko, ko Dakar. Yanzu ƙasar Sin ta shiga sahu, musamman a bakin ƴan kasuwar da suka saba zuwa Gwanju saro kaya. Cikin abin da ake kwaɗaita wa iyaye har da karatun maganin gargajiya na Sin, wai yaro ya je ya dawo likita.

Karatun dai na gaske ne. Tun 1956 gwamnatin Sin ta buɗe manyan makarantunsa a Pekin, Shanghai, Gwanju da Cengdu, kuma yau duk jami'o'i ne. Takardar farko shekara 5 take ci, ban da lokacin da baƙo zai ɓata yana koyon harshe. Ɗalibi zai koyi tsira allura, da ƙaho irin wanda wanzamai suka sani, da gane ciwo ta bugun jini a wuyan hannu da launin harshe, da ɗaruruwan saiwoyi da ganyaye. A gefe guda ana koya masa ƙirar jikin mutum da ilimin cututtuka irin na asibiti. Tsofaffin littattafan kuwa da tsohon Sinanci aka rubuta su, wanda ko ƴan ƙasar sai sun yi gumi.

Ɗan Afirka ya taɓa kai wa ƙarshen hanyar. Diarra Boubacar, mutumin Mali, ya tafi Sin a 1984, ya sami doktora a Cengdu a 1997. Sai dai a lura: a can Sin ya zauna yana aiki.

Amfanin wannan ilimi ba a ɓoye yake ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara a asibitocin Nijar asalinsa wani nau'in tazargade ne. Malama Tu Youyou da abokan aikinta suka bi bayanin wani tsohon littafi, suka tace sinadarin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Haɗarinsa ma ba ƙarami ba ne. A farkon shekarun 1990, a birnin Burusel, mata da yawa sun rasa ƙodarsu bayan sun sha maganin rage ƙiba wanda aka musanya wata saiwar Sin da wata a cikinsa. Mai tallar ƙwayoyi a leda, da rubutun da shi kansa ba ya iya karantawa, bai san ko ɗaya cikin labaran nan biyu ba.

Nijar ta daɗe da sanin likitocin Sin. Tun 1976 lardin Gwangshi ke turo ayarinsu. Huldar ƙasashen biyu ta yanke a 1992 lokacin da Nijar ta amince da Taiwan, aka maido ta a 1996, kuma Sin ce ta gina babban asibitin Yamai da aka buɗe a 2016. Amma waɗannan likitoci yarjejeniyar gwamnatoci ce ta kawo su. Ɗan Banifandu da zai dawo shi kaɗai da takardarsa ba shi da wannan rumfa.

Nan ne uba ya kamata ya tsaya kafin ya sayar da fili. Takardar maganin Sin daban take da doktoran da jami'ar Abdu Mumuni ke bayarwa, kuma ko a Sin wanda ya gama sai ya ci jarrabawar ƙasa kafin a bar shi ya duba marar lafiya. Saboda haka, tun yaro bai hau jirgi ba, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi a tambaya ko za a daidaita takardar, a je ma'aikatar lafiya a tambaya da wane suna zai yi aiki: likita, ko mai maganin gargajiya. Wanda ke neman bursu ya bi ta hukumar ANAB da ofishin jakadancin Sin, ya rabu da dillalin da ke karɓar kuɗin gaba. Amsar kowane ofishi kuma a karɓe ta a rubuce, da sa hannu da hatimi.