A Daina Wasa Da Hankalin Yara

Wayar hannu mai ɗaukar hoto ta zo wa jama'a da alheri mai yawa, amma ta zo da wata ɗabi'a wadda ya kamata a tsaya a dube ta tun ba ta zama jiki ba. Ɗabi'ar kuwa ita ce uba, ko uwa, ko wa, ya shirya wa ƙaramin yaro ƙarya da gangan, ya ce masa an sayar da akuyarsa, ko an cinye abincinsa, ko kuwa ya lulluɓa da mayafi ya fito masa daga bayan rumbu da almuru. In yaro ya firgita ya fasa ihu, sai a ɗauki hotonsa a aika wa abokai su yi dariya. Kada wani ya ɗauka matsalar birnin Kano ce kaɗai, domin wayar da ke hannun ɗan birni ita ce a hannun manomin Lakwaya, da na Getso da Kutama cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo, da na Garo cikin Ƙaramar Hukumar Kabo. Abin da aka gani a cikinta yau, shi ake kwaikwaya gobe.

Asalin wannan yayi daga ƙasashen waje ya taso. Cikin shekarar 2011 wani mai shirin barkwanci a talabijin na Amurka, Jimmy Kimmel, ya nemi iyaye su gaya wa 'ya'yansu cewa sun cinye alewar da yaran suka tara a daren bikinsu na Halowin, su ɗauki hoton kukan su aiko masa. Aka yi ta yin haka shekara da shekaru. A 2023 kuma aka shiga yayin fasa ɗanyen ƙwai a goshin yaro a dandalin TikTok. Inda abin ya kai maƙura shi ne Jihar Maryland ta Amurka, inda wani magidanci da matarsa suka buɗe tasha a YouTube mai suna DaddyOFive, suna ƙaga wa 'ya'yansu laifi, suna yi musu tsawa har sai sun fashe da kuka. A 2017 aka karɓe biyu daga cikin yaran daga hannunsu, kotu kuma ta same su da laifin sakaci da yara, ta sa su ƙarƙashin sa idon hukuma na shekara biyar. Watau ko a inda aka ƙago wasan, shari'a ta gano cewa cutarwa ce.

Sai dai gaskiya ita ce baƙon yayin ya tarar da ɗan'uwansa a gida. Tun kafin a san waya, a gidaje da yawa da ƙarya ake kashe kukan yaro. A ce masa ga dodo nan, ko ga kura a bakin zaure, ko za a kira mai allura, ko ɗan sanda zai zo ya tafi da shi. In uba zai fita yaro ya riƙe masa riga, sai ya yi masa alkawarin alewa daga kasuwa, alhali kuwa ba shi da niyyar sayowa. Mai waya dariya yake nema, mai kiran dodo kuwa shiru yake nema, amma dukansu biyu da abu guda suke biyan bukatarsu, watau amanar da yaro ya ba maganar babba.

Wanda ya lura da tsarin gidan Bahaushe zai ga magabata ba su hana wasa da yara ba, sai dai sun yi masa gurbi. Kaka tana tsokanar jikanta, ta kira shi mijinta, ta ce ya hana ta kuɗin cefane. Taubasai suna wasa da juna. Da dare a yi tatsuniya, a kawo labarin dodo da kura da gizo, amma sai an buɗe ta da kalmomin da kowane yaro ya sani, an kuma rufe ta da ƙurunƙus, don ya gane an shiga duniyar ƙage an kuma fito. Cikin watan azumi yara su yi tashe, su shafa baƙi su yi shigar tsofaffi, kowa ya san wasa ne. Uba da uwa kuwa an ajiye su gefe guda, har akwai kunyar ɗan fari wadda ta hana su ko kiran sunansa. Hikimar wannan rabo a fili take. Yaro yana tashi ya san akwai bakin da ake wasa da shi, akwai kuma bakin da in ya ce i, to i ce, in ya ce a'a, to a'a ce. Da wannan baki na biyu ake yin horo. Uban da ya mai da bakinsa na wasa da yaudara ya karya sandarsa da hannunsa.

Addinin Musulunci bai bar wannan magana a buɗe ba. Imam Abu Dawuda ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amir, wanda mahaifiyarsa ta kira shi yana yaro da cewa za ta ba shi wani abu, lokacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu. Annabi ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. Har wa yau Abu Dawuda ya kawo labarin wani sahabi da ya yi barci a kan tafiya, wani ya ɗauke masa igiya don wasa, ya farka a firgice, Annabi ya hana, ya bayyana cewa tsorata Musulmi bai halatta ba. In an hana firgita babban mutum da sunan wasa, ina ga yaro ɗan shekara uku wanda bai iya rarrabe mafarki da ido biyu ba?

Binciken masana na zamani ya zo daidai da wannan. A Jami'ar Rochester ta Amurka an gwada yara 28 'yan shekara uku zuwa biyar, aka bayyana sakamakon a 2012. An yi wa dukansu alkawarin kawo musu kayan zane masu kyau. Aka cika wa rabi, aka saɓa wa rabi. Sa'an nan aka ajiye wa kowane yaro alewa guda, aka ce in ya daure bai ci ba za a ƙara masa ta biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kawai suka iya. Ma'anar wannan ita ce haƙurin yaro yana rataye da gaskiyar babba. Yaron da aka saba yi wa ƙarya ba shi da dalilin saurara in an ce masa ya jira, sai ya ƙara kuka, domin ya koyi cewa abin da bai ƙwata yanzu ba ya tafi ke nan.

Ɓarnar ba ta tsaya a tsakar gida ba. Tun daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya, Jihar Kano kuwa ita ta fi kowace jiha jin jiki, kuma maganin abin shi ne allurar rigakafi. Dalilan da ke hana kai yara asibiti suna da yawa, amma ba ƙaramin wauta ba ne uwa ta shekara tana yi wa ɗanta barazana da mai allura, sa'an nan ranar da rayuwarsa ta dogara ga allurar ta ja shi yana turjiya zuwa ɗakin shan magani. Haka nan batun ɗan sanda. A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta ba da sanarwar gano yara 9 da aka sace daga unguwannin Kano aka kai su Anaca ta Jihar Anambra. A irin wannan zamani, yaron da ya ɓace a kasuwa ko a tasha yana bukatar ya nufi mai kayan sarki ya faɗi sunan ubansa. In an cusa masa cewa ɗan sanda dodo ne, to, daga mai ceton nasa zai gudu.

Saura batun birgima, wadda ita ce ke tura iyaye ga yawancin waɗannan ƙarairayi. Likitocin yara sun bayyana cewa rigima da faɗuwa ƙasa da shure-shure abu ne da aka saba gani tsakanin shekara ɗaya da shekara huɗu, lokacin da son zuciyar yaro ya riga bakinsa girma. Yana so, bai iya faɗa ba, bai kuma iya dannewa ba. A ƙasar Hausa wannan lokaci yakan haɗu da yaye, sa'ad da ake raba yaro da nono da bayan uwarsa, wani lokaci a kai shi gidan kaka, ya dawo ya tarar da ƙane a wurin da yake kwana. In aka haɗa da yunwa, da gajiya, da zazzaɓi, ba sai an nemi iska ko sammu ba kafin a gane dalilin kukansa. Waɗansu yara sukan yi kuka har su shiɗe na ɗan lokaci. Irin wannan yakan wuce da kansa, kuma likitoci sun danganta shi da ƙarancin jini a wajen yara da dama. Abin yi shi ne a kwantar da yaron a gefensa, daga baya a kai shi a duba. Girgiza jariri da ƙarfi don fushi kuwa yana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada.

Horon birgima ba ya bukatar dodo. Da farko a duba ko yaron yana jin yunwa, ko barci, ko ciwo. In ba ko ɗaya, a kawar da shi daga wuta da rijiya da idon 'yan kallo, a bar shi ya huce ba tare da an yi masa dariya ba. Abin da aka hana shi kafin ya faɗi ƙasa kada a ba shi bayan ya faɗi, domin ranar da kuka ya sayo masa abu, ya sami sana'a. In ya natsu a yi masa magana gajeriya wadda zai gane. Kada uba ya hana uwa ta bayar, ko uwa ta hana abokiyar zamanta ta bayar a ɓoye. Kada kuma a ambaci hukuncin da ba za a zartar ba, ko ladan da ba za a biya ba.

Inda aka rasa wannan, bulala ce ke maye gurbi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da asusun UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna gamuwa da wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Tun ƙarni shida da suka wuce malamin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi gargaɗi cikin littafinsa Muƙaddima cewa tsanantawa ga yaro tana koya masa ƙarya da munafunci, don yakan ɓoye abin da ke ransa saboda tsoron duka. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a watan Satumba na 2019 a Rigasa ta Kaduna, inda 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari, waɗansu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sake ganin irinsa a Daura wata guda bayan haka. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su, bayan magana ta daina aiki a gida.

Akwai masu cewa su ma da dodo da bulala aka rene su, ga shi kuwa sun zama mutane. Ba a musun cewa sun zama mutane, amma abin da ya gyara su shi ne gaskiyar iyayensu, da idon dangi, da maƙwabcin da ke tsawatarwa domin ɗa na kowa ne. Kuma iyayen jiya ba su ajiye hoton kukan ɗansu inda duniya za ta gani ba. Hoton da aka aika yau yana nan har ranar da yaron zai shiga makaranta, har ranar da zai je neman aure. Ba a ce a kwaikwayi Suwidin, wadda ta haramta dukan yara tun 1979, ba a kuma ce a bar yaro ya yi yadda ya ga dama ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya san inda zai tsaya don kada ya karye.

Bisa ga haka wajibi ne kowa ya ɗauki nasa kason. Gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu kan Dokar Kare Yara a watan Mayu na 2023, shekara ashirin bayan dokar tarayya ta 2003. Ya kamata Ma'aikatar Harkokin Mata ta bayyana abin da dokar ta ƙunsa da Hausa mai sauƙi ta gidan Rediyon Kano, yadda mai noma a Lakwaya zai ji a gonarsa. Limamai da malaman Islamiyya su sa hadisin dabino cikin huɗuba da karatun matan aure. Ma'aikatan lafiya na Gwarzo da Kabo su yi amfani da ranar awo da ranar rigakafi su gaya wa iyaye mata abin da birgima take, su kuma roƙe su a daina tsorata yara da allura. Dagatai da masu unguwanni su ja kunnen samari masu firgita ƙannensu don neman 'yan kallo. Wanda kuma aka aiko wa irin wannan hoto, kada ya tura shi gaba.

Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Gidan da yaro ke jin kunyar saɓa wa ubansa saboda bai taɓa kama shi da ƙarya ba, ya fi ƙarfin gidan da ake kiran kura kowane dare. Allah Ya shirya zuriya, Ya ba iyaye ikon riƙe amanar da Ya ɗora musu, amin.