Ambaliyar Alau: Darasin Da 'Yan Kasuwa Ba Za Su Manta Ba

A daren 9 ga watan Satumba na shekarar 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ya shiga cikin Maiduguri. Kafin rana ta take, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, har da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Gwamnatin jihar ta ce abin ya shafi mutane kimanin miliyan ɗaya. Daga cikin gari ruwan ya gangara fadamar Jere, inda manoman Zabarmari suke noman shinkafar da ta yi suna a kasuwannin Borno, ya kwanta a kan gonaki ana saura 'yan makonni a fara girbi.

An yi ta lissafin gidajen da suka rushe da buhunan da suka jiƙe. A ganina akwai wata asarar da ta fi wannan girma, wadda ba ta shiga takardar lissafi, wato tsinkewar igiyar bashi da amana da ke ɗaure da cinikin shinkafa. Manomi a Zabarmari yakan karɓi taki da iri bashi, da alkawarin biya bayan girbi. Mai shagon da ya ba shi shi ma bashi ya ɗauko daga babban dila. Mata masu turara shinkafa da masu injin casa da direbobin da ke kai kaya kasuwa duk girbin nan suke jira. Idan gona ɗaya ta nutse, mutum biyar ko shida ne jarinsu ya nutse tare da ita. Ga 'yan Kasuwar Monday kuwa, ruwan ya zo ne ba su gama farfaɗowa daga gobarar watan Fabrairun 2023 ba. Manoman Zabarmari su ma ba su manta da kisan gillar Koshobe na Nuwambar 2020 ba, wanda ya sa da yawa suka taƙaita noma a gonakin da ke kusa da gari.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar irin wannan rauni. A ranar 8 ga Satumban 1900 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa Galveston, wani gari na bakin teku a Jihar Texas ta Amurka, wanda a lokacin ya shahara da wuraren shaƙatawa da kuma tashar fitar da auduga. Fiye da mutum 6,000 suka halaka. Mutanen garin ba su yi ƙasa a gwiwa ba: suka gina katangar tare teku, suka ɗaga doron garin da yashi. Amma masu jari sun riga sun tsorata. Da aka buɗe hanyar jiragen ruwa ta Houston a 1914, ciniki ya karkata can, Galveston ta koma garin masu yawon buɗe ido. An sake gina gidaje, amma kasuwa ba ta dawo kamar da ba.

Wannan shi ne abin tsoro ga Maiduguri. Ɗan kasuwar Kano ko na Chadi ko na Kamaru da ya saba sayen kaya a nan, in ya samu wata hanyar da ta fi masa kwanciyar hankali, da wuya ya waiwayo. Jari kamar tsuntsu yake, ba ya sake sauka a reshen da aka jefe shi.

Kuma kada a ce abin ya zo bagatatan. An kammala madatsar Alau a tsakiyar shekarun 1980 domin samar da ruwan sha da na noman rani, kuma a 1994 ta taɓa yin ambaliyar da ta shiga gari. Shekara talatin ke nan tsakani, lokacin da ya isa a gyara duk abin da ke neman gyara. Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 wajen sake gina madatsar a 2025. Madalla da wannan. Amma ginin ba shi ne ƙarshen magana ba, domin madatsa tana buƙatar kuɗin kulawa kowace shekara, da yashe laka, da masu auna ruwa waɗanda za su yi gargaɗi tun da wuri.

Saboda haka ina ba da shawarwari uku. Na farko, Hukumar Raya Tafkin Chadi ta riƙa bayyana wa jama'a rahoton lafiyar madatsar kafin kowace damina, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su dage wajen neman ganinsa. Na biyu, taimakon buhun abinci da tabarma yana kashe yunwar yau ne kawai. Abin da zai tayar da ciniki shi ne rance mai sauƙi ga manoma da masu casa da ƙananan 'yan tireda, ta hannun ƙungiyoyinsu da suka san kowa. Na uku, lokaci ya yi da za mu daina ɗari-ɗari da inshora. Kamfanin Inshorar Noma na Nijeriya yana nan tun 1987, ga kuma tsarin takaful wanda ya dace da shari'a, don haka hujjar gudun riba ta kau. Wajibi ne kuma hukuma ta hana gini a kan hanyar ruwa, ko da mai ginin wane ne.

Ruwan Ngadda shi ya mai da Zabarmari rumbun shinkafa, shi ne kuma ya cinye amfanin gonar 2024. Mun yi imani da ƙaddara, amma addini bai hana ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba. Rigakafi dai ya fi magani, kuma a wannan karon mun ga farashin maganin da idanunmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.