Laccar Jama'a, Ba Jama'a

Makon nan ma sanarwar ta zagayo a wayoyi, irin wadda muka saba gani: za a yi laccar kimiyya domin wayar da kan jama'a, ana gayyatar kowa da kowa, wanda bai samu zuwa ba ya shiga ta Zoom. Ranar aiki ce, ƙarfe goma na safe, a wani zaure can cikin jami'a da sai ka yi wa mai gadi bayani kafin ka wuce ƙofa, kuma da Turanci za a yi ta tun daga buɗewa har rufewa. To wace jama'a ke nan? Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai rufe rumfa da hantsi ya tafi sauraron abin da ba ya ji ba. Matar aure a Kurna ba ta da datar da za ta ƙona awa biyu tana kallon fuskar farfesa tana yankewa. Waɗanda za su cika kujerun su ne ɗaliban da aka ce za a rubuta sunan wanda bai zo ba, sai abokan aikin mai laccar. Rabin lokacin zai tafi wajen gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da karanto tarihin karatun malamin tun daga firamare, in an zo tambayoyi shugaban taro ya duba agogo ya ce uku kawai za a ɗauka. A ƙarshen shekara a rubuta a rahoto cewa an kai ilimi ga al'umma.

Laccar da malamai ke yi wa junansu tana da amfaninta, a bar ta da sunanta. Wadda za a kira ta jama'a kuwa ba ta cika sai mutumin da abin ya shafa ya ji da harshensa, a inda yake zama, ya ga abu da idonsa, ya kuma sami damar jefo tambayar da ke cin ransa ko da ba ta yi wa mai jawabi daɗi ba. Mun riga mun biya kuɗin rashin wannan da tsada. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004. Kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Yemen da Indunusiya. Masu ilimin boko sun yi ta kiran abin jahilci, sun manta cewa a garin nan ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, 11 daga cikinsu suka mutu. Mutanen da suka ga wannan suna da dalilin yin tambaya. Kuma tambayarsu mai hankali ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigon kyauta, alhali maganin zazzaɓin da ke kashe mana yara kullum sai mun saya? Babu laccar da ta amsa musu. Sai da aka shigo da sarakuna da masu unguwanni, aka dawo da majigi a dandali, aka sa matan unguwa suna shiga gidaje suna zama a tabarma, aka kafa rumfunan duba marasa lafiya inda uwa za ta karɓi maganin wata cutar tare da ɗigon, sannan aka ga haske. Wato tambayar talaka ce ta gyara shirin masana. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, shekara goma sha bakwai bayan rikicin da zaman dandali tun farko zai iya rage masa kaifi.

Wanda ke son ganin yadda ake koyar da kimiyya a fili ya dubi labarin buhun adana wake. Manomi ya daɗe yana fama da ƙwaron da ke mai da wake gari cikin 'yan watanni, ko dai ya sayar da araha da kaka, ko ya zuba masa maganin ƙwari mai guba wanda daga baya zai ƙare a tukunyar wani. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, suka fito da buhu mai ruɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. In an matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron zai shanye ɗan abin shaƙar da ya rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Daga 2007 aka fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar da maƙwabtansu, kuma yadda aka yi shi ne abin lura. Malamin gona ya je ƙauye, a tara mutane, wasu manoma su kawo wakensu na kansu, a zuba a gaban kowa, a ɗaure. Buhunan su zauna a gidajen masu su wata huɗu ko fiye. Sannan a sake tara gari ranar buɗe buhu. A kwance ɗaurin, mai shakka ya zura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga ƙasa, ya watsa a tafinsa yana neman huda, ya kwatanta da wanda aka ajiye a buhun gama-gari. Wannan gwaji ne cikakke, da abin gwadawa da abin kwatantawa da shaidu, an yi shi a dubban ƙauyuka, kuma mai tambaya ya samu amsa a hannunsa. Masu cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba sai su gaya mana da wane harshe aka yi wannan bayani.

Inda ba a je ba kuwa, ga abin da ya faru. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yaro ba sabon bincike ba ne, tana cikin littafin kowane ɗalibin likitanci, kuma muna da sassan nazarin ma'adinai a jami'o'inmu. Ilimin yana nan, ƙafar kai shi ce babu. Shekara biyar bayan haka abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Wannan abin kunya ne, kuma ba na iyayen yaran ba ne. A halin yanzu mai maganin gargajiya da lasifikarsa yana bakin tasha kullum, yana bayani da Hausa garau, yana amsa kowace tambaya, ya sayi fili a rediyo, ya buɗe shafi a TikTok. Shi ne ke yi wa jama'a laccar lafiya a ƙasar nan, domin masu digirin sun bar masa filin.

Za a ce intanet ta fi kai wa mutane da yawa, kuma hanyoyin karkara ba tsaro. Gaskiya ne, amma intanet ɗin da mutanenmu ke amfani da ita saƙon murya ne na minti uku a WhatsApp da gajeren bidiyo a Facebook, ga rediyo mai layin kira. A yi zaman a ƙofar mai unguwa bayan la'asar, na mata a makarantar Islamiyya, a naɗi tambayoyin da amsoshinsu, a yayyanka, a tura. Mutumin Gusau zai ji wani irinsa ya yi tambayar da shi ma yake jin nauyin yi. Unguwannin da ke jikin katangar jami'a kuma ba 'yan bindiga suka hana zuwa cikinsu ba.

Abin da ya hana shi ne lissafin ƙarin girma. Kowace jami'a na cewa aikinta uku ne, koyarwa da bincike da hidimar al'umma, amma ranar tantance malami takardun da ya buga a mujallu ake ƙirgawa, yammacin da ya yi a dandali yana bayanin mashaƙo ba ya cikin ma'auni. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC da majalisun jami'o'i su ba wannan aiki maki na gaske, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya sa sharaɗi cewa duk binciken da ya ci kuɗinsa sai an koma wurin mutanen da aka ɗebi jininsu ko ƙasar gonarsu an faɗa musu abin da aka gano. Yawancinsu tun ranar da aka cike takardar tambayoyi ba su sake ganin mai binciken ba.